Ranar da Na Riga Kowa

Shekara goma sha bakwai na yi ina tuƙi a wani kamfanin 'yan kwangila a Abuja, ban taɓa goge wa motar kowa fenti ba. Da kamfanin ya durƙushe, abin da na fita da shi bai wuce takardar yabo guda ba, sai wayar da maigidana ya miƙo min ranar da muka yi sallama. Waya ce ta manya a zamaninta, ya gaji da ita ne ya sayi sabuwa. Na karɓa hannu bibbiyu ina ta zuba godiya, ban san rigima na karɓa ba.

Wata shida bayan nan zaman Lugbe, unguwar da muke haya a hanyar filin jirgi, ya gagare mu. Na sa matata da 'ya'yanmu mata biyu a mota zuwa Funtuwa, gidan yayanta, ni kuma na tattara na koma Mararaba na raɓe a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da lemo. A tasha na ce mata wata uku ne, in ya yi yawa huɗu, zan dawo da su. Ta dai sunkuya tana gyara wa ƙaramar takalmi. Duk wanda ya san yadda zaman mace da 'ya'yanta yake a gidan wa mai nasa iyalin ya san inda na jefa ta. Ni ma na sani, shi ya sa ban iya tsayawa na ga tashin motar ba.

Wata uku ya zama shekara. A cikin shekarar nan ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, amma Abuja ba ta son direba mai furfura. Daga ƙarshe na samu shiga wani kamfani mai ba da hayar motoci a hanyar filin jirgi, masu ɗauko baƙi in sun sauka su kai su otal ko gida. Motocin na kamfani ne, mu direbobi kuwa ba wanda aka ɗauka aiki, ranar da ka fita ita ce taka. An sa wa kowa manhajar kamfanin a waya. In baƙo ya nemi mota, aikin zai faɗo wa dukkanmu lokaci guda, da wani ƙaton koren maɓalli a tsakiyar sikirin. Wanda ya riga dannawa shi ke da aiki, ya shiga ofis ya karɓi makulli. Sauran kuma maɓallin ya koma musu ruwan toka, su gyara zama.

Ogan da ke kula da direbobi matashi ne, na girme shi da shekara ashirin ko fiye. Ranar da ya yi mana bayani ya ce in bazara ta ƙare za a ɗauki mutum uku aikin dindindin daga cikin waɗanda suka fi yawan fita, kuma kowannensu za a ba shi ciki da falo a bayan gareji. Ya ƙara da cewa doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, wanda ya danna kore bai zo ba an cire shi. Wannan ban ma saurara da kyau ba, a raina na ce wane mahaukaci ne zai samu aiki ya ƙi zuwa. Maganar ɗakin ce ta shige ni. Da aka tashi na zagaya bayan garejin na leƙa ta taga. Ɗaki ne madaidaici, ga famfo a tsakar gida, ga igiyar shanya. Na tsaya ina auna inda gadonmu zai zauna da inda yaran za su shimfiɗa katifa, har maigadi ya zo ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Mu wajen ashirin ne, muna wuni a kan bencina a ƙarƙashin wani mangwaro da ke kallon ƙofar garejin. Ni daga Mararaba da an sallame asuba nake fitowa, in ba haka ba cunkoson Nyanya ya cinye min safiya, kuma mota uku nake hawa kafin in iso. Sai mu zauna, kowa waya a kan gwiwa, kai a sunkuye kamar masu tsintar shinkafa. Hira ma da rabin baki ake yin ta. Mutum yana tsakiyar ba ka labarin rasuwar surukinsa waya za ta yi ƙara, ya katse ya danna, in ya samu ya miƙe ya yi gaba, ƙarshen labarin sai gobe in ya tuna.

Wayata tana da wani abu da nasu ba su da shi. Ko an kashe fuskarta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Sai ta yi baƙi ƙirin ta bar agogo yana haske dishi-dishi a tsakiya, da kwanan wata, da ɗan hoton batir, in saƙo ya shigo kuma wata 'yar alama ta fito a ƙarƙashin agogon. Da farko na ɗauka wannan ne zai sa in sha gabansu, tunda ni ba sai na taɓa nake gani ba. Abokan zama ma haka suka ɗauka, suka riƙa karɓa suna jujjuyawa suna cewa lallai wayar manya. Ashe kyan ɗan maciji ne da ita.

In aiki ya faɗo sai ta yi ƙara, alamar ta fito, in ƙwanƙwasa ta sau biyu da yatsa. Sai ta yi jim, kamar tsohon da aka tasa daga gyangyaɗi yana tambayar wa ke sallama. Agogon ya dushe a hankali, hasken ya taso a hankali, sannan ta nemi babban yatsana. Yatsan da ya shekara goma sha bakwai yana murza sitiyari, ga gumi, sau da yawa ba ta gane shi, sai ta ce in sa lambobi. Kafin in gama maɓallin ya zama toka. Duka abin bai fi ka yi bismilla sau biyu ba, amma a ƙarƙashin mangwaron nan wannan ɗan lokacin ya isa a raba mai aiki da ɗan kallo. Ni ba na samun fita sai benci ya rage, masu zafin hannu duk sun tafi, a bar ni da ire-irena.

Akwai wani direba ɗan Akwanga, Kirista, magidanci mai barkwanci, wanda wayarsa ta fashe ta kusurwa har ya naɗe ta da salatif, amma kusan kullum shi ke fara fita. Shi ya fi kowa tsokanata. Wata rana da ya ga maɓallina ya sake komawa toka sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, wayanka yana da agogo, namu yana da aiki. Ka riƙa gaya mana lokaci kawai." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ranar abinci bai wuce min ba. Haushi nake ji, ba nasa ba. Haushin kaina nake ji, da na wayar, da na wanda ya ba ni ita yana ganin gata ya yi min.

Ba dabarar da ban gwada ba. Na bar ta a kunne ɗungurungum don kada ta shiga wannan rabin barcin, sai ta yi zafi kamar dutsen guga, kafin azahar batir ya ƙare. Wurin caji ɗaya ne, a ɗakin maigadi, kuma wanda ya kai wayarsa can ya fita daga layi ke nan. Na koma ina taɓa ta kowane minti don kada ta kwanta, sai ya zama daidai lokacin da na ɗaga kai in amsa gaisuwa aikin ke faɗowa. Sati uku na yi da fita huɗu kacal, ga bazara ta fara kankama.

Ɗan Akwangan nan ne dai, da ya ga abin ya wuce wasa, ya ja ni gefe ya kwatanta min wata mai gyaran waya a wata filaza a Wuse, ya ce in gaya mata shi ya turo ni.

Shagonta a ƙarƙashin matakalar bene yake, mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. 'Yar Filato ce, za ta kai arba'in, da tabarau mai kauri da ɗan gicciye a wuya, a gabanta kuma faranti cike da matattun sikirin. Na zayyana mata damuwata ina haɗawa da zagin wayar. Ta bar ni har na gaji don kaina, sannan ta karɓa ta ƙwanƙwasa tana kallo, ta kashe, ta sake, ta kashe, ta sake. Ta ce wayar lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta.

Bayanin da ta yi min har yau ban manta ba, don ba wanda ya taɓa ɓata lokacinsa ya fahimtar da ni abin da nake riƙe da shi. Ta ce lokacin da agogon nan kaɗai ke haske, sikirin ɗin ba a farke yake ba, lallaɓawa yake don kada ya sha batir. Sau ɗaya kawai yake sabunta hotonsa a daƙiƙa, alhali in a farke yake yana yi da saurin da ido ba ya kamawa. In an taɓa shi sai ya tashi daga tafiyar hawainiya ya kama gudu, kuma wannan ɗan jim ɗin masu ƙera wayar ne suka san shi, su ma can suna ta fama su rage shi a sababbin da suke fitarwa, ita ba ta da hannu a ciki. Amma bayan shi akwai abubuwan da ke ƙara cin lokaci waɗanda za ta iya taɓawa. Akwai kwalliyar da aka yi wa hasken, ya dushe a hankali ya taso a hankali. Akwai makulli, na yatsa ko na lambobi. Sai kuma wani ɗan ido a saman wayar, wanda kafin ta amsa taɓawa sai ta tambaye shi ko a aljihu take, in a aljihu ne ta yi banza da taɓawar.

Na ce ta cire duka.

Kwalliyar ta cire ba musu, ta shiga wani lungu a cikin saitin da ban taɓa sanin da shi ba ta rage wasu lambobi. Makullin ma ta cire, bayan ta tambaye ni ko akwai banki a wayar na ce akwai, amma ɓarawon da ya shiga ba abin da zai samu sai takaici. Ta mayar da ƙwanƙwasa biyu ta koma taɓawa ɗaya, ta saita manhajar yadda koren maɓallin zai tsaya kai tsaye da zarar haske ya taso. Da ta zo kan ɗan idon sai ta ajiye wayar a tebur ta cire tabarau.

"Baba, wannan ɗin ka bar shi," in ji ta. "Ba ya cin lokaci sosai. In na cire, wayan ba zai san hannunka da rigarka ba. Komai ya taɓa shi zai ce kai ne."

Na ce mata ni wayata ba ta san aljihu ba, a kan gwiwata take wuni. Ta ce akwai ranar da za ta shiga. Nan raina ya ɓaci, don na gaji da mutanen da suke da wurin zama suna koya min haƙuri. Na ce, "Madam, 'ya'yana shekara guda suna gidan wani. Ki cire." Ta dube ni, ta mayar da tabaraunta, ta cire ɗan idon. Da zan tafi ta ce in na ga ba daidai ba in dawo ta mayar min yadda take.

Maganar gaskiya aikinta ya yi. Washegari da aiki ya faɗo, taɓawa ɗaya na yi haske ya watsu, ga kore a gabana. Ban kamo ɗan Akwanga ba, don ɗan jim ɗin farko yana nan, kuma shi da matasan cikinmu yatsunsu kamar na makaɗan kalangu. Amma na daina jiran sai benci ya zama kufai. Da mutum uku ko huɗu sun tafi sai in samu. Akwai allo a ofis da ake jera sunayenmu duk ƙarshen mako gwargwadon yawan fita. Nawa ya taso daga can ƙasa, ya zo na tara, ya zo na bakwai, har ya tsaya a na biyar, kuma na huɗun da na ukun ba su ba ni rata mai yawa ba.

A nan na yi wautar da ta fi ta cire ɗan ido. Na kira matata na ce su fara shiri. Na ba ta labarin famfo da igiyar shanya, na ce makarantar da yaran suka bari ba ta da nisa da wurin. Ta tambaye ni sau biyu ko an tabbatar ne, na ce saura ƙiris. Ina jin babbar tana tsalle a bayanta tana gaya wa 'ya'yan kawunta cewa su Abuja za su koma. Wata da watanni ban ji muryar matata ta saki haka ba, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Abin da ban gaya mata ba shi ne yadda sallata ta koma. Akwai ɗan masallacin kwano a gefen garejin, limaminmu wani dattijo ne mai faci. Mu direbobi in za mu tayar da salla kowa sai ya ajiye wayarsa a gabansa, fuska sama, daidai inda goshi zai sauka. Kowa yana yi, ba mai yi wa wani magana. Amma nasu baƙaƙe ne har sai sun yi ƙara, tawa kuwa agogonta yana nan yana haske, ina Fatiha ina kallon minti yana canzawa. Wata la'asar muna zaman tahiya aiki ya faɗo, sai na ga yatsana ya sauka daga gwiwa ya taɓa ya danna, kafin ma in yi shawara da zuciyata. Na samu aikin. Na tuƙa baƙon har Maitama ina jin kaina kamar wanda ya taka najasa ya shiga ɗakin mutane.

Washegari bayan azahar liman ya juyo, bai kalli kowa ba, bai ambaci kowa ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya je roƙo gidan mai bayarwa ba, ana sauraronsa, shi kuma yana leƙen ƙofar maƙwabci. Ya shafa addu'a ya koma bakin facinsa. Kowa ya san da wa yake, ko kuma kowa ya ɗauka da shi ake. Ni dai na ƙudura a raina cewa ko ba komai Juma'a zan ba wa Allah ita cikakkiya.

Dama akwai wata al'ada a tsakaninmu da ba wanda ya rubuta. Ranar Juma'a in mun tafi masallaci, ayyukan wannan sa'ar na Kiristocin cikinmu ne, ranar Lahadi da safe kuma in sun tafi coci namu ne. Ba a taɓa faɗa a kan wannan ba. Saboda haka ban ga asarar da zan yi ba in na rufe ido daga wayar na sa'a ɗaya.

Juma'ar nan zafi aka yi na ƙin ƙarawa, irin na ƙarshen bazara da hadari ke haɗuwa ya watse. Na sa farin yadina, na taka zuwa babban masallacin da ke cikin Lugbe. A bakin ƙofa na kashe ƙarar wayar gaba ɗaya, har da girgizar, don kada Shaiɗan ya samu ta inda zai ja ni. Na jefa ta a aljihun ƙirji, fuskarta tana kallon jikina don kada ma in hango hasken agogon ta cikin yadi. Ciki ya cika, sai a kan kwalta na samu wuri, rana tsaka. Kafin a gama huɗuba rigata ta jiƙe sharkaf ta manne min a ƙirji. Aka tayar da salla, na yi ta yadda na daɗe ban yi ba, na daɗe a sujada ban damu da zafin da ke ratso darduma ba. Da aka sallame ban tashi ba. Na zauna na roƙi Allah ɗakin nan, na kwatanta masa shi kamar bai san shi ba, na roƙa wa matata haƙuri, na nemi gafarar la'asar ɗin nan. Har sahu ya watse ina zaune.

A hanyar komawa ban yi sauri ba. Na sayi ruwan leda na sha rabi na zuba rabi a ka. Sau biyu hannuna ya nufi aljihu ina mayar da shi, ina ce wa kaina sai na isa mangwaro, har da ɗan alfaharina wai na fi ƙarfin waya.

Tun daga nesa na hango ɗan Akwanga tsaye a bakin titi yana waige-waige. Da ya gan ni ya taho da sassarfa, ba dariya a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Baba, ina ka shiga? Kai ka danna fa. Oga yana ta kiranka, ni ma na kira ka."

Na ciro wayar. Ta yi zafi, fuskarta duk gumi. Ga kiran oga a jere, ga na ɗan Akwanga, ga wata lambar da ban sani ba. A saman su duka manhajar tana nuna cewa na karɓi aikin ɗauko baƙi daga filin jirgi, kuma lokacin da ta rubuta daidai yake da lokacin da muke cikin salla. Jiƙaƙƙen yadi ya taɓa ta ta farka, na yi sujada ƙirjina ya danna kore. Kiristoci bakwai suna zaune a benci da waya a hannu, ɗan Akwanga a cikinsu, aljihuna ya riga su duka.

Ɗan Akwanga ya ce da suka ga maɓalli ya koma toka sun ɗauka wani a cikinsu ne, sai da oga ya leƙo yana kiran sunana. Oga ya jira, yana zaton daga masallaci nake tahowa da gudu. Ɗan Akwanga ya roƙa a ba shi makullin ya tafi a madadina, aka ce sai an cire sunana daga aikin tukuna, kuma ba a cirewa sai an ji daga bakina ko lokaci ya cika. Kafin lokacin ya cika baƙin sun gaji da tsayuwa, da wata tsohuwa a keken marasa lafiya, sun hau wata motar. Kuma ba ƙananan baƙi ba ne, mutanen wani ofishi ne da ke ba kamfanin aiki duk mako.

Na shiga ofis da rigata a jiƙe. Na yi wa oga bayani tun daga shagon Wuse har zuwa kwalta, na ciro wayar na nuna masa yadda gefen riga ke tayar da ita. Ban taɓa roƙon wanda na isa in haifa ba sai ranar, na ce masa ranka ya daɗe, na ambaci 'ya'yana. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga min murya ba. Ya juyo da kwamfutarsa ya nuna min layin sunana, ya riga ya koma ja.

"Baba, na yarda ba ƙarya kake ba," in ji shi. "Amma ba ni na cire ka ba, daga sama ne, tun kafin ka iso. In na ce musu riga ce ta danna, gobe kowa rigarsa za ta danna." Ya mayar da ido kan kwamfutar, sannan ya ce tun da aka fara aiki da manhajar bai taɓa ganin an karɓi aiki da sauri irin wannan ba. Ban san ko ta'aziyya yake min ba ko mamaki yake, na dai sa hulata na fito.

A ƙarƙashin mangwaro ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Ɗan Akwanga ya raka ni har bakin titi yana ta cewa laifinsa ne da ya tura ni Wuse. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ba kuma na matar ba, ta faɗa min da bakinta na ƙi ji. Yana cikin ba ni haƙuri wayarsa ta yi ƙara, ya danna, ya samu. Ya tsaya yana kallona kamar wanda aka kama da sata. Na ce ya tafi kada shi ma a cire shi.

Wurin mai gyaran ban koma ba. Ta ce in dawo ta mayar, amma me za ta mayar min? Kuma ba ni da fuskar da zan kalle ta da ita. Na koma ofishin kamfanin sau uku a satin da ya biyo baya, na uku maigadi ya ce an hana shi buɗe min. Damina ta sauka, na ji an ɗauki mutum ukun, ɗan Akwanga a cikinsu, kuma wallahi na yi masa murna, ya cancanta. Ni kuwa tun daga lokacin ina Mararaba, ina taya ɗan garinmu tsaron teburin lemo in ya tafi sari. Na kai takarduna wasu wuraren, duk inda na je shekaruna suke fara tambaya. Ban ƙara sa rai ba, kuma ba don tawakkali ba ne, gajiya ce.

Kwana huɗu na yi bayan Juma'ar nan kafin in iya kiran matata. Na zaɓi hantsi, lokacin da na san yaran ba sa kusa. Na faɗa mata komai ban rage ba. Ta saurare ni har na kai aya. Sannan ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, da muryar da ake faɗa wa baƙo. Ta ce dama yayanta ya daɗe yana cewa a sa yaran makaranta a can sosai, a ɗinka musu kayan makaranta kamar na 'ya'yansa, ita ce take ta ƙi tana cewa tafiya za su yi. Yanzu za ta ce masa to.

Na ce ta ƙara min ɗan lokaci, ko zuwa bayan damina.

"Malam," ta ce, "keken ɗinkina da ke wurin maƙwabciyarmu ta Lugbe, ka aiko min da shi."

Keken nan da shi aka kawo ta gidana. Lokacin da za su tafi ta ƙi a ɗora shi a mota, ta ce wahalar banza ce a kai shi a dawo da shi, ta ba maƙwabciya ajiya. Shekara guda da watanni tana ɗinki da aron keken mutane a Funtuwa ba ta taɓa ce min in aiko da shi ba.

Washegari na je Lugbe na karɓo shi. Maƙwabciyar ta lulluɓe shi da tsohon zani, ko ƙura bai yi ba, tana ta tambayata yaushe amaryar tamu za ta dawo. Na kwance kan daga ƙafafun, na naɗe shi da buhu na ɗaure da igiya, na kai shi tashar Zuba da kaina. Direban motar Funtuwa ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya tura shi can cikin but, ya rubuta lambar matata a jikin buhun. Ya tambaye ni ko akwai mai bin kayan ya ajiye masa kujera.

Na ce masa babu, kayan ne kawai.